Mazarƙwailar Tana Zaurena, Sai Kin Duba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga jikata Bilkisu, mai sunan mahaifiyata.

Assalamu alaikum. Uwata, ina gaishe ki gaisuwar safe da ta yamma a haɗe, tunda ban san lokacin da direban motar Zariya zai miƙa miki wannan takarda ba. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta, yaya sabon ɗaki da sababbin fuskoki? Allah ya tsare ki a can kamar yadda ya tsare ki a nan Gubuci. Ya tsare fitarki da komowarki, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya sa karatun jinyar da kika tafi nema ya amfane ki, ya amfani duk wanda hannunki zai taɓa. Mutanen gida duk lafiya. Labarinsu za ki ji a bakin kakarki Iya idan kun yi waya, ta fi ni iya shi. Ni wata magana ce ta sa na ɗauki biro. Tana da tsawo, katin wayata ba zai ɗauke ta ba, ke kuma in na fara a waya dariya kike sa mini.

Bari dai in fara da murna, don ta cika mini ciki. Tun ranar da motarki ta tashi bakina bai rufu ba. Iya ta ce in rage, kada mutane su ce tsohon ya taɓu. A masallaci na faɗa wa kowa jikata ta shiga makarantar jinya, washegari na sake faɗa, har Liman ya ce, "Malam Haruna, mun ji tun jiya, kuma mun yi addu'a." Na ce ya ƙara wata, ai ba ta yin yawa. Ni da na fara riƙe fensir da furfura a gemuna, yau ga jinina zai karanci abin da ke cikin jikin mutum. In kin samu sarari ki rubuto mini, wai da gaske ne jinin mutum zagaye yake yi ba ya tsayawa? To ina yake zuwa, me yake nema? Na daɗe ina son wanda zan tambaya ba tare da ya yi mini kallon wawa ba.

Murnata ta biyu sana'arki ce. Mazarƙwailar da Baffanki Sale ke dafawa, wadda muke kaiwa kasuwar Maƙarfi mu wuni a rana muna korar ƙudan zuma, yau kin ɗauki hotonta kin sa a waya, wai har a Fatakwal an sha kunu da ita. Mutanen da ba su taɓa taka gonar rake ba. Na tambaye ki yadda hoto ke tafiya ba mota ba jirgi, kika ce, "Kaka, iska ce ke kaiwa." Ban gamsu ba, amma na ƙyale ki. Abin da na gani da idona shi ne da ribar nan kika biya kuɗin shiga makaranta, kuma da ita kike sa ran biyan na gaba.

To ga abin da ya hana ni sakewa. Hajiyar nan ta Abuja, wadda ta ga hoton ta ce tana son kusan duk abin da Baffanki ya dafa a bana, za ta yi rabo a bikin 'yarta. Kin kunna mini muryarta kafin ki tafi. Murya mai sanyi, gaisuwarta har ta fi tawa tsawo, 'yata kaza, 'yata kaza, Allah ya yi miki albarka. Kun shirya direbanta zai zo gidana ranar kasuwar Maƙarfi ya kwashi kayan, tunda suna jibge a zaurena cikin kwalaye, ita kuma ta turo kuɗin ta waya. Baffanki bai karɓi ko sisi ba, da bakinki ya yarda. Wahalarsa ce ta rani guda a bakin wuta, yana kwashe kumfa hayaƙi na cin idonsa, kuma a ciki yake sa ran kuɗin takin daminar da ke tafe. Na tambaye ki yadda za ki san kuɗin sun shigo, kika ce za ta turo hoton shaidar biya. Na ce za ki buɗe asusunki ki duba kafin a saki kaya? Sai kika sunkuyar da kai kika ce, "Kaka, ai babbar mace ce, ina jin kunyarta."

Wannan kalma ce na kwana da ita. Mu muka koya miki kunya, kuma ban yi nadama ba. Amma ni na san inda ta taɓa kai ni, don haka saurara.

Lokacin mahaifinki yana rarrafe, na kai barkono kasuwar Maƙarfi. Shekarar ya yi kyau, ja wur, in ka buɗe buhu sai atishawa ta kama layi guda. Wani mutum ya tsaya a kaina, farar babbar riga, ƙamshin turare, carbi a hannu. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi mahaifina ko yana da rai, na ce ya rasu, ya tsaya ya yi masa addu'a. Bai wahalar da ni a ciniki ba. Na sallama, aka ɗora masa buhuna a amalanke. Ya ciro damin kuɗi ɗaure da roba, ya sa mini a tafi, bai saki hannuna ba, ya riƙe shi da hannayensa biyu ya shiga yi mini addu'a. Ki gaya mini, uwata, ta yaya mutum zai kwance dami ya hau ƙirge alhali ana roƙa masa gamawa da duniya lafiya? Amin kawai na yi ta cewa. Da ya saki, na zura damin a aljihu, har ina jin daɗin ban nuna masa halin ƙauye ba. Sai da na je saya wa Iya atamfa na kwance. Ta sama kuɗi ce, ta ƙasa kuɗi ce, tsakiyar duk takardar buhun siminti.

Har yau abin da ke ba ni mamaki yankan ne. Daidai wa daida, ba wadda ta ɗara wata, kamar tela ne ya yi. Wani ya zauna ya yi wannan aiki da haƙuri. Nakan ce da ya sa rabin haƙurin nan a gonar albasa da ya wuce wurin.

Na so in san ko a waya ma ana yin irin wannan dami, sai na hau mota na je wajen Sabi'u, mai shagon cirar kuɗi a bakin tashar Maƙarfi. Na saya masa goro na zauna na yi ta tambaya har ya fara duba agogo. Ya nuna mini hoton wata shaidar biya da aka taɓa kawo masa. Launin banki, sunan mai turawa, sunan mai karɓa, rana da lokaci, komai tsaf. Ya ce ƙarya ce, haɗa ta aka yi yadda ake haɗa katin biki. Na ce to saƙon nan da ke shigowa da ƙara, wanda kuke ce wa alat? Ya ce shi ma ana ƙirƙirarsa, ya shigo wayar mutum kamar daga banki. Na ce to me ya rage a duniya da za a yarda da shi? Ya yi dariya ya ce abu ɗaya ne: mutum ya buɗe asusunsa da hannunsa, ya ga abin da ke ciki ya ƙaru. Ya ce wasu kuma za su nuna maka wai kuɗin suna kan hanya, sabis ne ya riƙe su. Na tambaye shi inda kuɗi ke tsayawa in suna kan hanya, ko akwai wata rumfa da suke hutawa. Ya ce shi ma bai sani ba. To ni dai abin da na fahimta ke nan: hoton da mai saye ya turo miki takardar saman dami ce. Asusunki shi ne kwance robar. Ke kuma Allah ya taimake ki, ba sai kin kwance a gaban kowa ba. Kina ɗakinki, ba mai riƙe da hannunki.

Kuskurena na biyu a gonar rake na yi shi, ta fadamar nan da ke hanyar Ɗandamisa, wadda kike zuwa shan rake kina ƙarama. Kin san yadda muke yi. In ba ka da halin sara da dako, sai ka sayar da raken a tsaye. Mai saye ya zagaya gonar, ya karya ɗaya ya ɗanɗana, a yi ciniki gaban shaidu, ka ce ka sallama, a ce Allah ya sa albarka. Haka na yi da wani baƙo, bisa sharaɗin zai biya kafin adda ta taɓa rake. Ranar sara sai ga babbar mota da sassafe cike da masu sara, amma babu shi. Wani ya sauko ya ce shi ƙanensa ne, wai yayan na baya da kuɗi, taya ce ta fashe masa. Direba kuma ya ƙi kashe mota, yana ta taka ta, yana cewa shi fa dole ya bar nan kafin azahar, yana da wani lodin. Masu sara sun jeru da addunansu suna kallona. Na ce a raina, na riga na ce na sallama gaban mutane, in na hana yanzu za a ce Haruna mai magana biyu ne. Na ɗaga hannu na ce su fara.

Kafin rana ta take tsaka gonar ta koma fili. Mota ta tashi, ƙanen ya ce bari ya bi ta ya taro yayan nasa a hanya. Na zauna a kan kunyar gona ina kallon hanya, duk ƙurar da ta taso in miƙe. Sai da aka kira magariba na yarda.

Abin da ban gane ba a ranar, sai da marigayi Malam Audu maƙwabcinmu ya zaunar da ni, shi ne sallama a kan farashi take. Na yi alkawarin ba zan sayar wa wani ba kuma ba zan ƙara kuɗi ba, shi ke nan. Ban yi alkawarin miƙa kaya babu biya ba. Wanda ya saɓa magana shi ne wanda bai zo da kuɗi ba, amma ni na ɗauki kunyarsa na ɗora wa kaina. Ke ma kin ce wa Hajiya kin sallama, to ki tsaya a kan haka, kada ki sayar wa wani. Amma kaya ba sa motsi sai kuɗi sun zauna. Kuma ki lura da gaggawa. Duk wanda ya taɓa cutata yana sauri, ko kuma yana da wani a gefe da ke sauri. Direba zai tafi, biki gobe ne, caji zai ƙare, jirgi zai tashi. Mai saye na gaskiya zai iya jiran ki buɗe waya. In direba ya matsu, ya kashe mota ya sha ruwa.

Na uku kuwa kin san shi sama-sama, don kin yi mini dariya a kansa, amma ba ki san abin da ya jawo shi ba. Bayan raken nan da shekaru, aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamaren garinmu, bayan la'asar. Na shiga. Mu tsofaffi ne a bencin yara, gwiwoyinmu ba sa shiga ƙarƙashin tebur, sai mu zauna a karkace. Ranar da na fara karanta allon shago da kaina a Ikara, tsayawa na yi a tsakiyar titi har mai babur ya zage ni, ban ji haushi ba. Tun daga nan duk abin da ke da rubutu sai na karanta shi da ƙarfi, gwangwanin madara, bayan mota, kwalin magani. Iya ta gaji.

To shekarun baya kaɗan, bayan mahaifinki ya buɗe mini asusu, na sayar da raguna biyu na ajiye kuɗin a ciki. Wani ya kira ni ya ce daga banki yake, ya faɗi sunana har da na mahaifina. Ya ce ana gyaran asusun manoma, yanzu wata lamba za ta shigo wayata, in faɗa masa. Na ce to, bari ɗana ya dawo daga gona. Sai ya sassauta murya ya ce, "Ba komai Baba, na manta ku tsofaffin ƙauye sai an karanta muku." Uwata, ji na yi kamar ya mare ni. Na ce wa ya gaya masa? Na gyara zama, na sa tabarau, na karanta masa lambar ɗaya bayan ɗaya, da Hausa, sannan na maimaita da Turanci don ya san da wa yake magana. Ya ce ma sha Allah, Baba ashe malami ne. Na kashe waya ina murmushi. Da yamma mahaifinki ya duba, babu ragunan.

Na tambayi Sabi'u yadda aka yi mutumin ya san sunan mahaifina. Ya ce wannan ba wuya, mun rubuta shi a wurare da yawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ya san inda zai taɓa ni. Bai taɓa ganina ba, amma ya gano tsoho ne mai alfahari da karatunsa. Ashe su ma karatu suke yi, mu suke karantawa. Ni ta alfahari aka shige ni, wani ta kwaɗayi, wani ta tausayi. Ke ta ladabi za a nemi shiga, don shi ne ƙofarki da ke buɗe. Saboda haka ki riƙe wannan. Wanda zai biya ki lambar asusunki kawai yake buƙata da sunanki. Duk wanda ya ce sai kin faɗa masa wata lamba da ta shigo wayarki, ko lambar da ke jikin katinki, ko ya turo wani abu ya ce ki danna don kuɗinki su fito, ba biya ya zo yi ba. Ko da muryata kika ji a wayar, kashe ki kira ni da kanki. Sabi'u ya ce yanzu har muryar mutum ana iya kwaikwaya da na'ura. Wannan kam ina son in ji da kunnena kafin in mutu, in ji ko tarin nawa ma suna iya shi.

Kada ki ce kakanki na son ki zama mai zargin kowa. Na taɓa zama haka, kuma shi ma kuskure ne. Bayan abin barkono, na yi shekaru ina kallon kowane mai saye kamar ɓarawo. Akwai wata baiwar Allah daga Kudan, mai abincin sayarwa, da ke sayen busasshen tumatir a wajena duk kasuwa. Wata rana ta miƙo kuɗi, na hau ɗaga su sama ɗaya-ɗaya ina hangen rana ta cikinsu, ina murzawa, ina kallonta ta gefen ido, mutane na gani. Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Malam, da ka duba kuɗin kawai da ban damu ba. Ni ka duba." Ba ta sake tsayawa a rumfata ba, kuma tana da gaskiya. Don haka ki mayar da dubawa ƙa'idarki ga kowa, babba da yaro, sananne da baƙo. Ki faɗe ta tun farkon ciniki da fara'a, ki rubuta ta ma a ƙarƙashin hoton kayan: ana sakin kaya ne bayan kuɗi sun shiga. Abin da aka faɗa wa kowa ba ya zama zargi ga mutum ɗaya.

Wani abu kuma, tunda yanzu kina birni ke kaɗai. In wani a Zariya ya sayi ɗan kaɗan ya ce ki kawo masa, ku haɗu a bakin tasha ko ƙofar makaranta da rana, inda mutane suke, ki tafi da abokiya. Kada ki shiga gidan da ba ki sani ba, kada ki gaya wa baƙo ɗakin da kike kwana. Kwali guda na mazarƙwaila in ya tafi za a dafa wani.

Na kai nan a rubutu jiya sai na ajiye biro, don abin da ya faru ya cancanci sabon shafi.

Ina zaune a zaure bayan la'asar, jingine da kwalayen, sai wayata ta yi ƙara. Hajiyarki ce. Ta ce ke kika ba ta lambata saboda direba ya gane gida. Uwata, ban ga laifinki ba, matar nan ta iya magana. Ta gaishe ni kamar ta san ni shekara da shekaru. Ta tambayi ƙafata, ban san yadda aka yi ta san tana ciwo ba, sai daga baya na tuna ai duk tsoho ƙafarsa na ciwo. Ta yaba tarbiyyarki har na ji idona ya kawo ruwa. Ni kuma kin san hali, na hau tambayarta Abuja, wai da gaske akwai titin da mota ke bi ta saman wani titin, ta yi dariya ta ba ni amsa. Na ji daɗin hirar, ba zan ɓoye miki ba.

Sannan ta shigo da maganar. Ta ce ta riga ta tura miki kuɗin tun safe, ta kira ki ba ta samu ba, wataƙila kina aji. Ta ce shirin ya ɗan canza, direban zai biyo tun gobe da sassafe, ba zai jira ranar kasuwa ba. Kuma wai garin sauri ta tura fiye da kuɗin kayan, don haka in taimaka in ba direban abin da ya hau a hannu ya sha mai, in ya so ni da ke mu daidaita. Ta ce yanzu za ta turo mini hoton shaidar, tunda ta ji an ce ni mai karatu ne.

Ga sauri, ga hoto, ga yabon karatuna, duk a numfashi ɗaya, har da sabon da ban taɓa gamuwa da shi ba, wato in ciro nawa in ƙara mata a kan kayan. Na ce mata to madalla, da zarar Bilkisu ta duba asusunta ta kira ni, direba zai samu kayansa a ɗaure. Sai muryar ta yi rauni, ta ce, "Haba Baba. Ni ce ba ka yarda da ni ba? Na ɗauke ka uba."

Ki ji abin mamaki. Da duk abin da na rubuta miki a sama, tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba, sai da na ji kunyar nan ta taso mini tun daga ciki. Gumi ya karyo mini. Bakina har ya fara haɗa "ba komai, ya zo." Ashe ba ta tsufa. Abin da ya cece ni bayana ne da ke jingine da kwalayen, ƙamshinsu na shiga hancina. Na ce, "Hajiya, da nawa ne da na ba ki kyauta. Na ɗana ne, kuma amana ce a hannun jikata." Ta ce to za ta sake kira. Har yanzu da nake rubutun nan, rana ta ɗaga, ba ta kira ba, direba ma bai zo ba.

Ban yanke mata hukunci ba. Mai yiwuwa mutuniyar kirki ce da hidimar biki ta ruɗa, ta ji zafin maganata. In haka ne, kuɗinta na nan a asusunki, za ki gan su, ni kuma zan kira ta in ba ta haƙuri da bakina, in ƙara mata ƙullin yajin Iya a kan kayan. In ma da gaske ta tura fiye da kima, kada ki ba kowa a hannu, kada ki tura wata lambar da za a ba ki. Ki je banki su mayar inda suka fito. In kuwa kin buɗe kin ga asusun yadda kika bar shi, to kada ki yi kuka, kada ki zage ta, kada ki tsaya jayayya. Ki rufe lambarta, ki gaya wa abokan sana'arki su sani. Mazarƙwaila ba ta lalacewa da wuri, azumi na tafe, masu saye za su zo.

Na kira ki sau da dama jiya wayarki a kashe, na san rajista ta sha kanku. Don haka da wannan takarda ta iso hannunki, kafin ki kwance ƙullin da Iya ta haɗo miki, buɗe asusunki ki duba da idonki, sannan ki kira ni ki faɗa mini abin da kika gani. Ina ɗokin sani ƙwarai.

Na san abin da zai yi miki nauyi. Ni da furfurata sai da na yi gumi, balle ke da ba ki taɓa ɗaga ido kin kalli babba ba. To na sauƙaƙa miki. Daga yau, duk wanda ya matsa miki ki saki kaya kafin ki duba, Hajiya ce ko Alhaji ko malami, kada ki yi musu da shi. Ki gaishe shi da kyau, ki rusuna ko a waya ne, ki ce, "Ku yi haƙuri, kayan suna hannun kakana, wani rigimammen tsoho ne, ba ya sakin kwali sai na ce masa na gani." Ba ƙarya kika yi ba. Ki bar su su ji haushina, ina da wurin ajiye shi. Ke ki riƙe ladabinki, ni in riƙe ƙofar zaure. In direba ya zo zan shimfiɗa masa tabarma, in kawo masa fura, mu gaisa iya tsawon da yake so, amma ko kwali ɗaya ba zai ƙetare dokin ƙofa ba sai na ji daga bakinki.

Allah ya tsare ki da tsarewarsa, uwata. Ya haɗa ki da masu saye na gari da abokan zama na gari, ya kau da idon macuci daga kanki, ya shirye shi shi ma in mai shiryuwa ne. Ya buɗe miki karatu, ya sa albarka a cinikinki, ya dawo mana da ke lafiya. Iya na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Baffanki Sale na gaishe ki. Bai san da wayar jiya ba, na bari sai na ji daga gare ki.

Wassalam.

Kakanki,
Malam Haruna, Gubuci.